Faifan Asabar ta Bakwai

Abin da ya fara ɗaukar idona a wurin Kawu shi ne yadda yake riƙe faranti. Ranar da na sauka Riyad ina amarya, shi ya zo Filin Jirgin Sarki Khalid da motar kafilinsa, Balaraben da yake yi wa tuƙi, ya ɗauko ni, don maigidana yana cikin jarrabawa a jami'a. Muka isa gidansa a Shumaisi, matarsa da muke kira Inna ta zuba min shinkafa, shi kuma ya karɓi farantin daga hannunta ya miƙo min. Tafin hannunsa biyu ya sa a baki da baki, yatsunsa a miƙe, ko babban yatsa bai sauka a kan farantin ba. Na ce a raina tsaftar mutanen Saudiyya ce ya koya. Sai da na kusa shekara biyu a garin kafin na san inda hannun nan ya samo wannan riƙo.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya rasu wata Laraba cikin sanyi, a asibiti, bayan jinyar kwana tara. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa ina fasawa, domin abin da na fi son in faɗa shi ne abin da aka ƙi faɗa a zaman makokinsa.

An shimfiɗa wa maza darduma a lungun ƙofar gida, mu mata muna sama, taga a buɗe, muna jin su. Direbobi 'yan uwansa suka ce shekara talatin yana tuƙi a garin nan bai taɓa gogar motar kowa ba. Ɗalibai suka ce duk Juma'a a gidansa suke cin tuwo, kuma bai taɓa tambayar wanda ya zo waye ubansa ba. Wata tsohuwa 'yar Maraɗi da ke kusa da ni ta ce lokacin da iƙamarta, wato takardar zamanta a ƙasar, ta ƙare shi ya yi ta zirga-zirga har aka sabunta mata, ko kofin shayi bai karɓa ba. Kafilinsa ma ya zo, tsoho tukuf, ana tura shi a keke, ya riƙe hannun babban ɗan Kawu yana kuka, yana cewa da Larabci wannan mutumin shi ya kai 'ya'yansa makaranta, shi ya kai jikokinsa. Duk gaskiya suka faɗa. Sai dai kowa daga ranar da Kawu ya shigo Riyad ya fara labarinsa, kamar a filin jirgi aka haife shi da gemunsa.

Mutum ɗaya ne ya so ya koma baya. Wani tsohon tela, abokinsa tun Kaduna, ya gyara murya ya ce, "Ku da sitiyari kuka san shi. Da kun gan shi a Babban Gida ranar Asabar..."

Yaya, babban ɗan Kawu, ya ce a hankali, "Baba tela, a yi masa addu'a dai."

"To, Allah ya gafarta masa," in ji tsohon.

Na dubi Inna. Ba ta ɗaga kai ba. Carbinta ne kawai ya tsaya a tsakanin yatsunta, sannan ya ci gaba.

A kicin Auta, ƙanwar Yaya, ta same ni ina wanke kofunan gahawa. Su biyun a Riyad aka haife su. Hausarsu ta cikin gida ce, ta abinci da aike, in magana ta yi nauyi sai su koma Larabci.

"Anti, kin san maganar ƙarshe da Abba ya yi? Cewa ya yi, 'Ku ba ta faifanta.' Sau biyu. Yaya ya ce min ish ya'ni faifai, wai mene ne faifai, na ce ai wannan ne da Umma ke rufe kwano da shi. Muna dawowa na ciro shi daga ƙusa na kai mata."

"Me ta ce?"

"Ta karɓa ta ce an gode. Ga shi can ta rufe dabino da shi." Ta share hanci da gefen mayafi. "Miskin. Zazzaɓi ne ya ruɗa shi, ko? Mutum yana barin duniya yana zancen kayan kicin."

Na ce, "Wataƙila." Amma na san faifan da Kawu yake nufi ba na kaba ba ne, na kiɗa ne, kuma yana gidana a Badi'a, a ƙasan akwatin littattafaina.

Ni dai tun ina ƙarama littattafan soyayya suka rene ni. Akwati guda na zo da su Riyad, har jami'in filin jirgi ya tambaya ko malama ce ni. Kawu ya samu abin tsokana. Duk ya gan ni sai ya ce, "Malamar soyayya, yau wa aka raba da wa?" Da na samu cikin fari, shi yake kai ni awo in kafilinsa bai da fita. Ba ya kunna komai a mota sai karatu. Amma motar mai canza giya da kanta ce, ƙafarsa ta hagu ba ta da aiki, kuma duk muka tsaya a danja sai in ga tana buga ƙasa: uku, ta huta, uku, ta huta.

Rannan na kasa haƙuri na ce, "Kawu, ƙafar nan taka me take ji wanda mu ba ma ji?"

Ya duba ƙasa, ya dafa gwiwarsa da hannu kamar ya kama ɓarawo, ya yi dariya. "Ta tona ni," in ji shi.

Daga ranar ya fara ba ni labarin, gutsure-gutsure, daga wannan danja zuwa waccan. Wani gidan rawa ne a bayan tashar jirgin ƙasa a Kaduna. Yana da sunansa, amma su Babban Gida suke ce masa, ni ma haka zan bar shi. Daɓen tarazo ne mai faɗin da sai ka ɗaga murya na wancan gefe zai ji ka, ginshiƙai shida, fankoki a jere a sama. Ranar Asabar tun la'asar ake buɗewa saboda 'yan makaranta da ma'aikatan reluwe. Makaɗa suna kan dandamali, in sun gaji sun sauka sai Kawu ya ɗora faifai a kan garmaho daga wani lungu, kada daɓen ya huce. Yana da shekara ashirin da biyu. Mai faifai ake kiransa. A can hannunsa ya koyi cewa ba a taɓa fuskar faifai da yatsa, baki da baki ake riƙe shi.

"Mai faifai ba ya kallon fuska, ɗiyata," ya ce. "Fuska tana ƙarya. Ƙafa ake kallo. Kuma ba ƙafar masu rawa ba, su ai sun riga sun tashi. Ka nemi wanda ya ƙi tashi, ka yi masa aiki. In ka tayar da shi ka tayar da gidan."

Sai ga wata ɗalibar makarantar koyon jinya ta rako ƙawarta. Ta zauna a gindin ginshiƙi na uku da kwalbar lemo, ta tura ƙafafunta ƙarƙashin kujera, ta ja zani ta rufe. Asabar ta farko ya sa mata kiɗan Kongo, ba ta motsa ba. Ta biyu ya sa na Ghana. Ta uku na Turawa, har mai gidan ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Asabar shida yana fama, tana shan lemonta tana kallon fanka. Ya roƙi wani direban jirgin ƙasa ya zo masa da sababbin fayafayai daga Legas. A cikinsu akwai wani mai busa a hankali, wanda ganga ke bi a baya kamar ba ta so. Ranar Asabar ta bakwai ya ɗora shi.

"Ta ajiye kwalbar," in ji Kawu. "Ta miƙe."

"Da wa ta yi rawa?"

"Ita kaɗai. Ni ina lungu ina addu'a kada allura ta yi tsalle."

"Kawu, wace ce?"

Danja ta ba da hannu, ya ja mota. Sai da muka wuce gada ya ce, "Wadda ta zuba miki shinkafa."

Na karanta littattafai ba adadi, an raba masoya a gabana an haɗa, amma babu wanda ya sa ni kuka irin na ranar. Inna fa. Inna mai safa ko a cikin ɗaki, wadda in mayafina ya zame kaɗan sai ta yi gyaran murya. Sista yake kiranta, ni kuma na ɗauka don ta taɓa aikin asibiti ne kawai.

Na tambaye shi me ya kashe Babban Gida. Ya ce ba rana ɗaya ya mutu ba. Da fari mai gidan ya sallami makaɗa, don faifai ba ya cin abinci. Sai kaset ya zo, kowa ya samu kiɗansa a ɗakinsa. Sai bidiyo. Sai gari ya fara rikici, a sa dokar hana fita, a cire, a sake sawa, har mutanen wancan ƙetaren kogi suka daina zuwa wannan ƙetaren. Wa'azi ma ya yi ƙarfi, kuma Kawu bai taɓa musun cewa akwai abin wa'azi a gidan ba. Ya ce ya ga giya ta ci mutanen kirki a can, ya ga aure ya mutu. Masu kuɗi suka koma ƙananan wurare masu kujerun kushin, inda ake zama a kalli juna ta wutsiyar ido. Asabar ɗinsa ta ƙarshe mutum tara ya ƙirga a daɓen da ba a iya ganin tarazonsa a da.

"Babban ɗaki in ba mutane, sanyi gare shi," ya ce. "Ko da zafi."

Da hanyar Saudiyya ta samu, Inna ta fito da fayafayansa tsakar gida ta sa taɓarya. Ta ce ƙasa mai tsarki za su, ba za a haifi 'ya'yanta a kan wannan labari ba, kuma daga ranar an rufe zancen. Ya tsaya yana kallo bai hana ta ba. Guda ɗaya ne ya riga ya zare ya sa a tsakanin rigunansa. Shekara talatin yana ɓoye shi a ɗakin da ke da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, don zafin Riyad yana lanƙwasa faifai, kuma a duk shekarun nan bai ji shi ko sau ɗaya ba.

Abin mamaki, Kawu ya rayu har ya ga an fara taron kiɗa a bayan garin Riyad. Jikokin kafilinsa suka sa ya kai su. Ranar Juma'a da na je gidan ya faki idon Inna ya ce min, "Jiya na ga abin da ya fi Babban Gida girma sau ba adadi. Daga wurin ajiye motoci ƙirjina yake amsa gangar."

"Ka ji daɗi?"

Ya taɓe baki. "An ɗora mai faifan a sama kamar liman, kowa ya juya yana kallonsa, kowa ya ɗaga waya. Mu a lungu muke, ba wanda ya san fuskarmu. Juna ake kallo. Shi daga can sama ina zai ga ƙafar da ta ƙi tashi?" Sannan ya ce, "Amma yaron ya iya haɗa ƙarshen wannan da farkon wancan. A ba shi wannan."

Faɗansu da Yaya a kan faifan aka yi shi. Yaya yana neman wasu takardu a durowar uban ya ci karo da shi. Yaya mutumin kirki ne, mai karatun addini, shi ya wanke mahaifinsa da hannunsa yana hawaye, kada wani ya karanta wannan ya ɗauke shi mugu. Ya dai san uban ya yi wata rayuwa a Kaduna, bai san da uwarsa a ciki ba. Ya ce, "Abba, ka ce ka tuba. Wanda ya tuba me zai ajiye wannan ya yi da shi?"

"Ajiya ce. Ba nawa ba ne."

"Na waye?"

Kalma ɗaya za ta wanke Kawu, amma ita za ta tona Inna. Sai ya bar ɗansa yana masa wa'azi, Inna kuwa tana kicin tana kankare tukunyar da ba ta kama ba. Washegari Kawu ya zo Badi'a da shi a naɗe cikin tawul.

"Ki sa a cikin littattafanki, can ba mai dubawa. Na Sista ne. In ta tambaya ki ba ta."

"In ba ta tambaya ba fa?"

"Ba za ta tambaya ba," ya ce, ya gyara hularsa ya sauka.

To ga shi ya rasu, ga wasiyya a hannuna ni kaɗai. Kwana biyu na makoki ina juya abin. In na kai, na shiga ɗakin mai takaba da kayan gidan rawa, wataƙila a gaban ɗanta, na buɗe abin da ta rufe da taɓarya. In ban kai ba, maganar ƙarshe ta Kawu ta tafi a matsayin sambatun zazzaɓi. Na tambayi maigidana a kaikaice, ya ce wasiyyar da ba ta saɓa wa shari'a ba ana cika ta. Na ce in ba a tabbata ba fa? Ya ce in bar shi ya yi barci.

Rana ta uku na dama fura na zuba a kwano. Na ɗauko fayafayan kaba biyu daga cikin kayan aurena, na sa na Kawu a tsakaninsu, na rufe kwanon da su. Haka na ratsa maza a ƙofar gida, Yaya ya matsa ya ba ni hanya, har ya ce sannu da ɗawainiya. Na jira bayan la'asar, mata suka ragu, Inna ta shiga uwar ɗaka, na bi ta na tura ƙofa.

"Inna, ga fura."

Ta kai hannu ta ɗaga murfin, sai ta tsaya. Nauyin ta ji. Ta zare faifan sama, baƙin ya bayyana, da 'yar takardarsa a tsakiya da ta koɗe. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta sa tafin hannu biyu, baki da baki, ta ɗauka.

"Wurinki ya kai shi."

"E, Inna. Ki yafe min."

"Ya ba ki labarin Asabar ta bakwai?"

Na gyaɗa kai.

"Ai na sani. Ke da shi duk ɗaya kuke, kanku cike da hayaƙi." Ta juya faifan ta duba bayansa. "Kin san abin da ya hana ni tashi Asabar shida? Takalmina ne. Maɗaurinsa ya tsinke, na ɗaure da zaren ɗinkin asibiti, ina jin kunyar a gani. Ranar Juma'ar nan aka ba mu alawus, na sayi sabo. Ja, mai ɗan tudu. Ranar ko gwangwani ya buga sai na tashi."

Na zauna a gefen katifar.

"Mai kallon ƙafa," ta ce, "bai ga takalmi ba."

"Ba ki taɓa gaya masa ba?"

"In gaya masa in ce me? Mutum ya aika har Legas." Ta yi 'yar dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta kifa kanta a gwiwa, faifan yana hannunta a ɗage kada hawaye ya taɓa shi. Tun rasuwar ban ga kukanta ba sai ranar. Da ta natsu ta ce, "Na san ya zare ɗaya. Na ƙirga su kafin in ɗauko taɓarya. Na kuma san wanne ya zare." Ta mayar da shi tsakanin na kaba, ta tura ƙarƙashin katifa. "Je ki kawo ludayi, furarki za ta tsinke."

Shekara biyar ke nan da rasuwar Kawu. Bayan auren Auta, Inna ta koma Kaduna, tana zaune a gidan ƙaninta. Kafin ta tafi ta zaunar da Yaya ta gaya masa komai da bakinta. Ta ce da ta gama sai ya tambaya, "Umma, Abba ya iya rawa?" Ta ce masa ko kaɗan. Shi ya ɗaure mata faifan da kwali don kada ya fashe a jirgi.

Bara na je gida na kai mata ziyara. Faifan yana rataye a bangon ɗakinta, a jere da na kaba, baƙi ɗaya a cikin masu launi, baƙo ba zai kula ba. Ƙaninta ya ce ya san mai gyaran rediyo da ke da tsohon garmaho, ta ce a'a, tana jin sa yadda yake. Na roƙe ta izinin wannan rubutu, ta ce in rubuta amma kada in sa sunan kowa. Sannan ta ce in tare mana Keke Napep.

Babban Gida yana nan a bayan tasha. Sito ne yanzu, buhunan taki har kusa da rufi, fankokin an cire sai ƙugiyoyinsu. Mai gadi ya ga tsohuwa da hijabi har ƙasa, ya ɗauka saye za mu yi, ya bar mu muka shiga. Ba ta yi dube-dube ba. Ta ƙirga ginshiƙai da ido, ta je na uku ta tsaya, ta share ƙurar takin da silifas har tarazon ya fito. Ta dubi wani lungu da aka tara kwalaye.

"Can yake tsayawa," ta ce. "Siriri, da gashi kamar kwando."

Ni ƙasa nake kallo, yadda aka koya min. Daga ƙarƙashin hijabin ƙafarta ta hagu, da safarta, tana buga daɓen a hankali: uku, ta huta, uku, ta huta.

Mai gadi ya leƙo ya ce, "Hajiya, buhu nawa za a fitar?"

"Ba ko ɗaya, ɗana," in ji Inna. "Wani na zo dubawa, na tarar ya tashi."